Wa ya gaya muku Pan Zhanle ya sha ƙwaya?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Tun daren Asabar nake kasa kunne in ji kun janye maganar nan, ga shi yau Laraba shiru kake ji. To ni dai ta ƙi haɗiyuwa.

Mai gabatar da shirinku na wasanni ya buɗe baki ya ce ai asirin ɗan ninƙayar Chainan nan ya tonu, tunda ya kasa kai wa zagayen ƙarshe na mita 100 a gasar ninƙaya ta duniya ta 2025 a Singafo, ƙwayar ce ta sake shi. Abokin hirarsa ya kwashe da dariya, aka zarce zuwa cinikin 'yan ƙwallo kamar ba a faɗi komai ba. Ko sunan yaron ba a kama ba. Sunansa Pan Zhanle, haifaffen Wenzhou a lardin Zhejiang, ranar 4 ga Agustan 2004. Babu wani ɗakin gwaji a duniya da ya taɓa cewa ya tsinci haramtaccen abu a jininsa ko a fitsarinsa. In kuna da takardar da ta ce an tsinta, ku karanto mana ita ranar Asabar mai zuwa, ni zan fara buga waya in ba ku haƙuri.

Ni mutumin Yawuri ne, a bakin Kwara na tashi. Kakana masunci ne, kuma na iya iyo tun ban kai izu biyu a allo ba. Yanzu fatauci nake yi, ina sarin makullai da kayan roba daga Yiwu, wadda ke lardi ɗaya da garin su yaron. Allah Ya sa ina can daren da aka yi tseren ninƙaya na mita 100 na gasar Olamfik a Paris, 31 ga Yulin 2024. A agogon Chaina wajen ƙarfe huɗu da rabi ne na asuba. Na idar da salla na sauko neman ruwan zafi, sai na tarar da maigadin masaukinmu da wata tsohuwa mai shara sun dafe teburi suna kallon talabijin. Ba na jin yarensu in ban da na ciniki, su ma ba sa jin nawa, amma muka tsaya mu uku. Yaron ya juyo daga bango yana gaba, kuma maimakon a kamo shi sai tazarar ta dinga buɗewa. Da ya taɓa bango, daƙiƙa 46.40 ta fito a allo, sabon tarihin duniya. Kyle Chalmers na Ostareliya ya biyo da 47.48, David Popovici na Romaniya da 47.49. Fiye da daƙiƙa guda, a tseren da aka saba raba na ɗaya da na biyu da ƙiftawar ido. Tsohuwar nan ta yar da tsintsiya ta fashe da kuka. Maigadin ya rungume ni, mutumin da kwana tara yana ganina bai taɓa ce mini sannu ba.

Na san abin da ya sa mutane suka ce abin ya fi ƙarfin ɗan Adam. Wani kocin Ostareliya, Brett Hawke, yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan magana, ga shi kuma kwamin na Paris zurfinsa mita 2.15 ne kawai, kowa na kukan ruwan ba ya gudu, kuma kafin wannan dare babu wanda ya kafa tarihin duniya a cikinsa. Amma wanda ya san ruwa ya kalli yaron nan da kyau. Mu a gida in ana tseren tsallake reshen kogi, ba mai saurin hannu muke tsoro ba, shi yakan ƙone tun a tsakiya. Mai dogon numfashi muke tsoro, wanda ƙirjinsa ke kwance a saman ruwa kamar kwalekwalen da ba a yi wa lodi ba. Pan da dogon zango ya fara, mita 1500 yake yi yana yaro kafin ya koma gajere. Shi ya sa a mita hamsin na dawowa, inda hannun kowa ke zama dutse, nasa bai mutu ba.

Kuma ba daga sama ya faɗo ba, Edita. A gasar duniya ta Budapest a 2022 ya yi 47.65 a zagayen kusa da na ƙarshe, ya ƙare a na huɗu. A Fukuoka a 2023 ya yi 47.43, na huɗu kuma, tagulla ta kuɓuce masa da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. A wasannin Asiya na Hangzhou a wannan shekarar ya yi 46.97. A Doha a Fabrairun 2024 ya yi 46.80, ya karɓe tarihin duniya daga hannun Popovici mai 46.86. Taki-taki ya hau, a idon kowa. A Paris ɗin ma saura ƙiris a yi waje da shi tun zagayen farko, da 48.40 ya tsallake da kyar. Ranar da ya cika shekara 20 cif ya faɗa ruwa a matsayin na ƙarshe a ninƙayar karɓa-karɓa ta salo huɗu, ya yi 45.92, Chaina ta ɗauki zinare a wasan da Amurka ba ta taɓa shiga ta faɗi ba a Olamfik tun 1960, sai dai shekarar da ta ƙaurace. Duk wannan ba ku ga abin faɗi ba sai dariya.

Ban ce 'yan ninƙayar Chaina waliyyai ba ne. An dakatar da tauraronsu Sun Yang kan batun gwajin ƙwaya, kowa ya sani. Maganar 'yan ninƙayarsu 23 da aka samu da maganin zuciya na TMZ a jikinsu a farkon 2021, aka ce daga kicin ɗin otal ne, hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya, WADA, ta amince, aka rufe bakin tukunya sai a Afrilun 2024 'yan jarida suka buɗe, ni ma ba ta kwanta mini ba har gobe. Amma sunan Pan ba ya cikin 23 ɗin. Yana ɗan shekara 16 a lokacin. Bayan batun waɗancan ne hukumar ninƙaya ta duniya ta ce daga farkon 2024 zuwa Paris an gwada kowane ɗan Chaina sau 21 a matsakaici, na Amurka sau 6, na Ostareliya sau 4. A tashe ka da sassafe, a tsare ka ka yi fitsari a kwalba a gaban baƙo, sau 21, a ce babu komai, sannan wani yana zaune a ɗaki mai sanyi gaban makirfo ya ce ka sha.

Wannan ce ta ci mini rai, don na san ɗacinta. Shekara goma sha ɗaya ina yawo da koren fasfo. An taɓa fitar da ni daga layi a wani filin jirgi a hanyata ta dawowa, ni kaɗai cikin mutane sun fi ɗari. Aka zazzage jakata a ƙasa, aka farke tafin takalmina da wuƙa, aka ɓare kilishin da uwargida ta ƙulle mini ana shinshinawa, aka sa ni a na'urar hoton ciki. Awa biyar. Jirgi ya tashi ya bar ni, na sayi wani tikitin da kuɗin uwar jari. Da suka gama ba su sami ko allura ba, babu wanda ya ce yi haƙuri. Ɗaya daga cikinsu ma murmushi ya yi, irin na yau dai ka tsira. Wato rashin samun komai bai wanke ni ba, wayona kawai ya nuna. Wasu 'yan ƙasarmu sun yi safarar hodar iblis, ni na biya. Da na ji dariyar nan a rediyonku, murmushin mutumin nan na gani. Mu da ake yi wa haka a kowace iyaka, mu ne kuma za mu zauna mu yi wa ɗan wani da harshen Hausa?

Batun Singafo kuwa, wa ya ce ɗan wasa ba ya faɗuwa? Popovici da ya ci tseren can da 46.51, shi ne ya kafa tarihi a 2022 yana ɗan 17, shekara na zagayowa ya bar Fukuoka ko tagulla babu. Ban ji wanda ya ce ƙwaya ce ta sake shi ba. Cewa aka yi yaro ne, ya gaji, zai dawo. Chalmers ɗin da aka ba wa ratar ma ya fito ya ce ya yarda yaron da guminsa ya ci. Wanda ya sha kaye a cikin ruwan bai zarge shi ba, sai mai gabatar da shirinku, wanda na tabbata in aka jefa shi a Kwara da damina sai Sarkawa sun shiga nemansa.

Tunda na ɗauki alƙalami, ga wata. Tallar maganin basir da na ƙarfin maza da kuke sakawa a tsakiyar shirin nan ta wuce gona da iri. Ina zaune da 'ya'yana mata a tsakar gida muna jin sakamakon ƙwallo, sai mai magani ya ɓarke da bayanin da ko a majalisar samari ba a yi. Makon jiya sai da na yi tsalle na kashe rediyon gaban surukata, na yi kamar batir ne ya ƙare. In ba za ku iya rabuwa da kuɗinsu ba, ku mayar da su bayan sha ɗaya na dare.

Ina jiran Asabar. A kira sunan yaron daidai, a kuma ce an yi kuskure.

Naku mai sauraro,
wani ɗan kasuwa daga Yawuri, Jihar Kebbi