Wasiƙar Godiya Ga Sashen Kula da Abincin Marasa Lafiya na Asibitinmu

Zuwa ga Hajiya shugabar sashe, da malaman da ke aiki tare da ita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Godiyar da na yi muku baki da baki ta tsaya a cikin ofishinku, ni kuwa so nake ta fito waje, ko wani mai irin larurata zai ji ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ban kama sunan kowa ba domin ban nemi izininku ba, amma duk wanda ya taɓa zama a bencin nan na bakin ƙofarku ya san da su wa nake.

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Ƙiba ta kama ni tun da sauran ƙuruciyata, ta jawo mini ciwon suga da hawan jini, gwiwoyina suka gaza har na koma yin sallar farilla a kan kujera. Da likitana ya ga magani da rage cin abinci ba su kai mu ko'ina ba, sai ya ba ni shawarar tiyatar rage tumbi, na tafi Alƙahira aka yi mini. Irin aikin nan ne da ake yanke wajen kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbin a fitar da shi, a bar siririn ɓangare mai siffar ayaba. Likitocin can sun yi aikinsu da kyau, Allah ya saka musu. Sun sallame ni da takardar abinci, sai dai an tsara ta ne don mutanen da cimarsu ta bambanta da tamu: cuku kala-kala, da ganyayen da ba za ka same su a 'Yankaba ba, da garin furotin (sinadarin gina jiki) na gwangwani mai ɗan karen tsada. Babu tuwo a ciki, babu kunu, babu fura. Uwargida ta yi ta jujjuya takardar nan, sannan ta ce, "Alhaji, to ni me zan ɗora a wuta?" Wannan tambayar ce ta kawo mu wurinku.

Ranar farko ba ku fara da ɗora ni a sikeli ba. Hajiya ta tambayi abin da ake girkawa a gidana, da wanda ke girkin, da mutanen da nake ci tare da su, da lokacin da nake fita kasuwa da lokacin da nake dawowa. Da ta ji uwargida tana waje, ta ce a shigo da ita, domin ba a tsara wa namiji abinci a bayan idon mai riƙe da ludayi. Daga nan aka zauna aka bi matakan ɗaya bayan ɗaya da abin da ke cikin madafinmu. Makonni biyu na farko ruwa-ruwa kawai: romon kaza da aka tace aka kwashe maiƙonsa, madara marar kitse, kindirmo da aka tsinka ba suga. Mako na uku da na huɗu abin da aka niƙa ya yi laushi: waken da aka surfe aka dafa ya yi luguf aka dame shi, kifin da aka cire wa ƙaya aka marmasa cikin miyar kuɓewa. Sannan aka zo kan alale da ƙwai da awarar da aka dafa a miya maimakon a soya. Tuwo shi ne ƙarshen zuwa, sai da aka doshi wata biyu, shi ma loma biyu ko uku. Kun ce in yi hattara da tuwon shinkafa da sabon burodi, domin suna dunƙulewa su tsaya a ƙirji.

Abin da ya fi yi mini wuyar sabo shi ne juya tsarin cin da na tashi da shi. Mu a gidajenmu tuwo ake fara ci, nama sai a ƙarshe. Ku kuka ce daga yau nama ko kifi ko wake shi ne farko, sai miya da ganye, in wuri ya rage a taɓa tuwo. Kuka bayyana dalili: jikina na buƙatar giram 60 zuwa 80 na furotin a kullum, in bai samu ba tsokar jikina zai riƙa ci tare da kitsen, ga shi wurin zuba abincin bai fi ƙaramin kofi ba. Malamar nan mai gilashi ta zauna ta lissafa mana da biro: ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin madara wajen 8, giram 100 na kifi wajen 20. Ta raba shi a ƙananan ci biyar zuwa shida a yini, kowanne in ɗauki minti 20 zuwa 30 ina taunawa, kuma da na ji alamar ƙoshi in tsame hannu ko da loma ɗaya ce ta rage. Har yau takardar tana manne a jikin firij ɗinmu, da rubutun hannunta.

Maganar ruwa ma haka. Kun haramta mini haɗa ci da sha, sai an ba da tazarar rabin awa kafin abinci da bayansa, kuma lemon kwalba mai gas an yi sallama da shi. Amma kun ce dole in sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, da kurɓi-kurɓi, ba kwankwaɗa ba. Da na ce ban san yadda zan auna ba a tsakiyar kasuwa, sai aka ce ledar fiya wata rabin lita ce, in tabbatar uku zuwa huɗu sun ƙare kafin in kwanta, in kuma duba launin fitsarina, in ya yi duhu to ruwa bai isa ba. Wanda ya san zafin Kano a watan Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mutumin da ba zai iya shanye kofi guda a tashi ɗaya ba.

Sai ƙwayoyin bitamin, waɗanda kuka ce ni da su har ƙarshen rayuwa: na haɗin bitamin, da B12, da kalsiyam da bitamin D, da na ƙarin jini. Ku kuka sanar da ni cewa ba a haɗa kalsiyam da maganin ƙarin jini a lokaci guda, sai an raba su da awa biyu, kuma shayi yana tare wa sinadarin ƙarfe hanyar shiga jiki, don haka kada in kora shi da shayi. Ku kuka ja mini kunne a kan ibufurofen da dikulofenak, da haɗin nan na ciwon jiki da ake ƙulla wa mutane a leda a kemis ba a san abin da ke ciki ba, saboda suna iya yi wa tumbin da aka ɗinke gyambo. Kuka ce in amai ya ƙi tsayawa kwana biyu ko uku kada in zauna a gida ina jiran sauƙi, domin ajiyar bitamin B1 a jiki ba ta wuce makonni kaɗan, ƙarewarta kuma tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Wani abin da ya ƙara muku ƙima a idona shi ne kun san iyakar aikinku. Da sugana ya fara sauka har ina jin jiri da rawar jiki, ba ku ce in rage magani ba. A take Hajiya ta rubuta takarda ta tura ni wurin likitan suga, shi ya rage da hannunsa.

Amma duk wannan ilimi ne, kuma mai neman ilimi yana iya tsintarsa a wani wuri. Abin da ban ga inda zan same shi ba sai wurinku shi ne yadda kuka kula da zamana da mutane.

A wajenmu ƙiba alamar wadata ce, rama kuwa alamar ciwo ko karayar arziki. Da na fara zubewa, gashin kaina ma ya soma kaɗewa a wajen wata na huɗu, sai magana ta fara yawo. Wani ya ce kasuwa ce ta juya mini baya, wani ya ce sammu ne, wasu suka ambaci cutar da ba na son maimaitawa. Wannan bai dame ni ba kamar halin da mahaifiyata ta shiga. Kullum sai ta aiko da fura da dambu, in na je gaishe ta ta tsare ni da kwano tana hawaye, tana cewa an kai mata ɗa ƙasar waje an lalata shi. Ni kuwa ba na iya ƙin abin hannunta, ba na kuma iya ci. Da na faɗa wa Hajiya, sai ta ce in kawo ta. Da na kawo ta, Hajiya ta tashi daga kujerarta ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Mama, ɗanki lafiyarsa lau, zubar gashin nan ta ɗan lokaci ce, zai tsiro. In kina son ki ciyar da shi, ki riƙa yi masa farfesun kifi da miyar zogale, ki zuba a ɗan kwanon nan." Ta miƙa mata ƙaramin kwano irin wanda kuke nuna wa marasa lafiya. Ba ta hana uwa ciyar da ɗanta ba, ta canja mata abin da za ta dafa ne kawai. Tun daga ranar duk Juma'a farfesun Hajiyarmu, wato mahaifiyata, nake ci, gashin kuma ya dawo kamar yadda aka faɗa.

Haka aka yi da ciyayyarmu ta kasuwa. Shekara da shekaru mu da maƙwabtan shagona muke haɗa kwanuka bayan azahar mu ci a faranti ɗaya. Na riga na yanke cewa na bar wannan zama ke nan, domin kafin in tauna loma ɗaya an cinye. Kuka ce kada in kuskura in ware kaina, mutumin da ya koma cin abinci shi kaɗai a lungu damuwa ce ke biyo baya, damuwa kuma ita ke mayar da mutane ga ciye-ciye. Shawararku ita ce in ci gaba da kawo kwanona a zuba a tsakiya kamar kullum, ni kuma in ɗebi nawa a ƙaramin kwano in zauna a cikinsu ina ci a hankali, kuma in faɗa musu gaskiyar aikin da aka yi mini sau ɗaya kowa ya huta. Na faɗa. Yanzu su da kansu suke tsame mini tsokar kifi su ajiye a gefe kafin a sa hannu.

Azumin farko ya riske ni ban daɗe da aikin ba, kuka ce jikina bai kai ba tukuna, rashin ruwa tun asuba har faɗuwar rana zai iya kwantar da ni. Abin ya yi mini nauyi ƙwarai, ban taɓa shan azumi ba tun da na balaga. Ba ku yi mini fatawa ba, kun rubuta mini bayanin halin da nake ciki kuka ce in kai wa malamina. Ya karanta, ya karanto mini aya ta 184 da ta 185 ta Suratul Baƙara a kan rangwamen da aka yi wa marar lafiya, na rama a lokacin sanyi bayan kun duba ni kun amince. Azumi na biyu kuwa na yi shi cikakke da tsarinku: buɗa baki da ruwa da dabino ɗaya, a yi magariba, sannan ƙwai ko farfesu, a yi ta kurɓar ruwa har bayan tarawihi, a jinkirta sahur a yi shi da wake ko kindirmo. Ƙosai da kunun tsamiya mai suga na bar wa yara. Tarawihin nan a tsaye na yi ta cikin sahu, da ruku'u da sujada, babu kujera.

Ina da magana ga 'yan'uwana masu shirin tafiya Masar ko Indiya ko Turkiyya don wannan aiki. Mutum zai tara miliyoyi ya biya kuɗin jirgi da asibiti, ya dawo ya ga ƙyashin kuɗin kati da gwajin jini, alhali ana son a duba jininsa a wata na uku da na shida da na goma sha biyu, sannan duk shekara. Wannan kuskure ne babba. Yanke tumbi yana rage yunwa, domin ɓangaren da ake cirewa shi ke fitar da mafi yawan sinadarin da ke sa jin yunwa, amma ba ya hana fura mai suga da zoɓo mai suga da lemon kwalba wucewa, kuma ta wannan hanyar ƙibar take dawo wa mutane bayan shekara biyu ko uku. Saurin rama yana iya haifar da tsakuwa a matsarmama, wasu kuma ƙwannafi ya addabe su. Mace ana son ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Duk waɗannan a ofishin nan na ji su, kuma shawarata ita ce mutum ya je wurin irinsu tun kafin ya sayi tikiti.

Ga hukumar asibiti kuma ina da roƙo. Tun 1991 ƙa'idar da aka fi bi ita ce a yi wa mutum wannan tiyata in ma'aunin BMI ɗinsa, wato awon ƙiba da ake yi ta gwada nauyin mutum da tsayinsa, ya kai 40, ko 35 in yana da wata cuta tare da ƙibar. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin fannin suka sauko da shi zuwa 35, da 30 ga mai ciwon suga da makamantansa. Ke nan masu yin irin wannan tiyata ƙaruwa za su yi. Sashen nan ɗaki ne ƙarami, ga masu ciwon suga, ga masu ciwon ƙoda, ga iyaye da yaran da tamowa ta kama, duk layi ɗaya. A ƙara musu ma'aikata da ɗakin ganawa, a sa rumfa da benci a waje, a kuma buga musu takardun tsarin abincin nan da Hausa da ajami, domin har yanzu da hannu suke rubuta wa kowa nasa.

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, ke da malamanki da mai ba da kati da mai shara. Allah ya ji ƙan iyayenku, ya shirya muku zuri'a, ya ba ku lafiyar da kuke nema wa mutane. Uwargida da Hajiyarmu suna gaishe ku, kuma ina nan tafe da sakamakon gwajin jini na bana in Allah ya kai mu.

Wassalam,
Naku mai godiya, ɗan kasuwa daga Kantin Kwari, Kano.