Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malama: Dalilin Tunawa Da Priscilla Buckley

Malama, bayan gaisuwa da fatan alheri.

A shirin rediyon da aka gayyace mu tare, kin tambaye ni a bainar jama'a dalilin da ya sa nake ambaton marigayiya Priscilla Buckley a gaban ɗaliban aikin jarida, alhali ta fito ne daga gidan attajirai 'yan ɗarikar Katolika masu ra'ayin riƙau a Amurka. Lokaci bai ba ni damar amsawa ba, shi ya sa na rubuto.

Abin da kika faɗa game da gidansu gaskiya ne. Mahaifinta lauya ne da ya yi arziki a harkar mai, kuma cikin 'ya'yansa goma akwai William F. Buckley Jr., wanda ya kafa mujallar National Review a 1955, da James Buckley, wanda ya ci kujerar Sanatan New York a 1970. Sai dai ita ba a kan kafaɗar 'yan'uwanta ta shiga sana'ar ba. An haife ta a 1921, ta kammala Kwalejin Smith a 1943, ta kama aiki a kamfanin dillancin labarai na United Press ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, inda take karɓar dogayen rahotannin fagen daga ta mayar da su gajerun jimlolin da mai karanta labarai a rediyo zai furta ba tare da numfashinsa ya yanke ba. Bayan ɗan zama a hukumar leƙen asiri ta CIA, ta koma kamfanin a ofishinsa na Paris daga 1953 zuwa 1956, shekarun da Faransa ta sha kashi a yaƙin Dien Bien Phu a ƙasar Vietnam, yaƙin Aljeriya kuma ya ɓarke.

Daga nan ne ƙaninta William ya kira ta gida ta yi aiki a National Review, kuma daga 1959 zuwa 1985 ita ce editar da ke tafiyar da mujallar. Wannan matakin ne nake so ɗalibai su duba. Ita ke bin marubuta bashin rubutu, ta datse maƙalar da ta fi ƙarfin shafi, ta kwantar da rigimar editoci masu ji da kansu, ta tabbatar an kai shafuka maɗaba'a a kan lokaci duk mako biyu. Mace ta riƙe irin wannan kujera shekara 26 a wancan zamanin ba ƙaramin abu ba ne, kuma a ganina an fi yawan ba ƙaninta yabon da ya kamata a raba da ita.

Ban wanke mujallar ba, Malama. A 1957 ta buga sharhin da ya goyi bayan Turawan kudancin Amurka su ci gaba da danne baƙaƙen fata, kuma Priscilla tana cikin ma'aikatanta a lokacin, ko da yake ba ta karɓi ragamar ba tukuna. Ina karanta wa ɗalibai wannan sharhin a aji ɗaya da tarihinta, domin su ga cewa ƙwarewar hannu ba ta hana edita yi wa mummunan ra'ayi hidima. Shi kansa William ya amince daga baya cewa ya yi kuskure a wannan batu.

Ta rasu a 2012 a garin Sharon na jihar Connecticut tana da shekara 90, ta bar littattafai biyu na tarihin aikinta. Idan kina so, zan aiko miki da na zamaninta a United Press kafin zamanmu na gaba.

Naki da girmamawa,
Abokin aikinki