Godiya ga shagon gyaran waya da ya mayar wa Hajiyarmu da kallon Harami

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Alhaji mai shago da yaransa a kasuwar waya ta Farm Centre, Kano.

Bayan gaisuwa da fatan kasuwa na albarka, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda godiyar da na yi muku da baki ba ta ishe ni ba.

Mahaifiyata ta haura shekara 70, ƙafa kuma ta daina kai ta masallaci. Babban abin da ke sanyaya mata rai a watan azumi shi ne kallon tarawihin Masallacin Harami kai tsaye a YouTube. Da yake Makka na gaba da mu da awa biyu, sallar can kan faɗo daidai lokacin shan ruwa a nan, sai ta zauna kan darduma da dabinonta da kofin kunu, tana bin karatu. Bana kuwa tun daren farko hoton ya riƙa maƙalewa. Liman zai ja aya, sai da'irar nan ta fito tsakiyar talabijin tana ta juyawa. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai ta ce, "Ya kuma tsayawa," ta ci gaba da jan carbi. Wannan haƙurin nata ne ya fi damuna.

Na zo shagonku da kuɗin sabon akwatin Android, mai haɗa talabijin da intanet, a aljihu, na riga na yanke cewa namu ya lalace. Alhaji, da ka miƙo mini sabo na biya, da ban ga laifinka ba. Amma sai ka tambaye ni ko da rana ma yana yi, da inda muke ajiye MiFi, 'yar na'urar da ke ba mu intanet, da yawan masu hawa kansa. Daga nan ka ce, "Malam, riƙe kuɗinka tukuna," ka haɗa ni da yaronka muka hau adaidaita.

Yaron nan bai taɓa akwatin ba sai da ya buɗe fast.com, shafin auna saurin intanet, a wayarsa yana tsaye kusa da talabijin. Saurin bai kai Mbps 1 ba, wato ma'aunin da ake auna saurin da shi. Ya bayyana mini cewa YouTube na buƙatar kimanin Mbps 5 kafin hoton 1080p, mafi kyau cikin ukun da ya lissafa, ya tafi sumul, 720p na son 2.5, shi kuwa 480p ɗaya da 'yan kai ya ishe shi. Namu wani cikin jikoki ya ɗora shi kan 1080p, ga shi a lokacin da unguwa gaba ɗaya ke kan intanet, turken sadarwa ɗaya ana ta rububinsa.

Sai ya nemi MiFi ɗin. Yana can bayan talabijin, a matse tsakanin bango da durowar ƙarfe, inda na cusa shi don kada yara su taɓa. Ya ɗauko shi ya ɗora a bakin tagar da ke kallon titi, ya sake gwaji, lambar ta haura 4. Ya shiga saitin MiFi ɗin ya ƙirga na'urori tara a kai, har da biyu da babu wanda ya san masu su a gidan. Ya canza kalmar sirri, ya sauke hoton zuwa 480p, ya share tarkacen da manhajar ta tara. A talabijin ɗin Hajiya Ka'aba ta fito tar, data kuma ta daina ƙarewa kafin wata ya raba.

Akwai abu guda da ni kaina ba zan taɓa ganowa ba. Wani lokaci in an ɗauke wuta aka dawo da ita, YouTube kan ƙi buɗewa sam. Ashe agogon akwatin ne ke komawa tsohuwar shekara, manhajar kuma ba ta yarda da haɗin idan kwanan wata bai yi daidai ba. Yaron ya saita shi ya riƙa ɗaukar lokaci da kansa daga intanet, sannan ya zaunar da jikar Hajiya 'yar aji biyu a sakandare, ya sa ta maimaita komai da hannunta har sau biyu, ya rubuta mata matakan da Hausa a bayan kalanda.

Duk tsawon aikin a durƙushe ya yi magana da Hajiya, yana ce mata Baba. Na ba shi ladan aiki, ya karɓi kuɗin mota kawai, ya ce haka maigidansa ya umarce shi. Bayan kwana uku kai da kanka ka bugo waya kana tambaya ko ya sake tsayawa.

Bai sake ba, Alhaji. Daren 27 ta kalli sallar daga farko har addu'ar ƙunuti, kuma ta ce in shaida muku ta sa ku a addu'arta, kai da yaron da iyayenku. Allah Ya ƙara buɗi, Ya tsare muku dukiya, Ya kai ku ɗakin da kuka taimaka mata ta gani.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta daga Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.