Wasiƙa daga Jidda

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da fatan kuna lafiya, kai da Inna da yara. Ya damina?

Na ji labari ya iso gida wai na rame, ba na barci, har Inna ta kwana tana kuka. Shi wanda ya kai maganar da ya dawo Umara, minti nawa ya yi da ni a Bab Makka? Lafiyata ƙalau. Ka faɗa mata haka da bakinka.

Aikin ba wani abu ba ne. Lodi da sauke kwalaye muke yi a bakin sito, kuma daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana a sa mutum aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, to muna ɗan miƙe ƙafa. Albashi yana zuwa. Tunani ne kawai ya yi mini yawa. Mudir, wato manajanmu, zai ɗaure fuska ya ce "yalla, yalla" (a yi sauri), kafin la'asar shi ya manta, ni kuwa in kwanta ina ta saƙa da warwara: ko ya gaji da ni ne, ko kafili, ubangidan da ya tsaya mini, ba zai sabunta mini igama, takardar izinin zama, ba, in aka maido ni me zan ce muku. Kafin in ankara an kira assalatu. In fita da ciwon kai, ƙirgan kaya ya rikice mini, Mudir ya sake yi mini faɗa, dare ya yi in ɗora daga inda na tsaya. Aikin da nake taƙama da shi, yanzu ko ranar albashi ba ya burge ni. Wani ɗan Maraɗi da muke ɗaki ɗaya, aikinmu ɗaya, yana sa kai a filo sai minshari.

To a bar wannan. Na turo riyal 700 ta hannun wanda ka sani. Maganin hawan jinin Inna tukuna, sai kuɗin makarantar yara, ragowar a sayi taki. Kada ka ba Auta ko sisi. Na ji ya jinginar da babur ɗin nan, babur ɗin da na saya da gumina a zafin Jidda! Irin wannan ma na hana ni runtsawa. Ka yi haƙuri Yaya, na san kai ke ɗauke da nauyin gida, ni ina nesa sai umarni.

Maganin Inna tukuna, na sake faɗa, kuma ka turo mini hoton rasit ta WhatsApp. Batun barcin nan ya tsaya tsakanina da kai.

Ƙaninka.