Kafin ka biya kuɗin ƙaramar jif, sa bakanike ya leƙa ƙarƙashinta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini, in sa baki a gardamar da ta ƙi ƙarewa a majalisarmu ta bayan la'asar: tsakanin Toyota RAV4 da Honda CR-V, wacce ta fi dacewa da mai cin albashi?

Ni malamin gona ne. A Ɗorayi nake zaune cikin Kano, amma rabin makona a Kura da Garun Malam nake yin sa tare da manoman shinkafa da tumatir. Kan kwalta ba ni da matsala, sai na sauka daga titin Zariya na kama hanyar gona ake yin ta. Damina biyu ina jin cikin ƙaramar motata yana gurzar ƙasa. Wani watan Agusta ta kafe a taɓo har salansa ta nutse, sai da samari shida suka turo ni, na koma gida wando a naɗe. Daga ranar na shiga neman mota mai ɗan tsayi.

Mutanen majalisa duk baki ɗaya suke: in ba Toyota ba, asara. Suna da hujja. Kayan gyaranta ga su nan jibge a Ƙofar Ruwa, kowane yaron gareji ya san cikinta, kuma ranar da ka ɗaga ta sayarwa ba ta kwana a hannu. Sai dai dillalai ma sun san haka, shi ya sa sunan kaɗai kuɗi ne.

Motoci uku muka duba da bakanikena, dattijon da ya shekara goma yana yi mini aiki. Ta farko RAV4 ce ƙirar 2008 mai injin V6, wato silinda shida, lita 3.5. Na taka ta sau ɗaya na ji kamar doki ya zabura, raina ya biya. Dattijo ya ce, "Malam, wannan ta lokacin tallafin mai ce." Gaskiyarsa. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a gidajen mai na gwamnati, zuwa ƙarshen 2024 ta haura dubu. Ga baƙin mai kusan lita shida duk juye, alhali mai silinda huɗu lita huɗu da 'yan kai ta ishe ta. Fulogi shida ne, uku na baya kuwa sai an kwance kayan saman inji kafin hannu ya kai gare su. Wa zai biya wannan don ya tsaya a cunkoson Kabuga?

Ta biyu ma RAV4 ce, 2010, mai injin lita 2.5, wanda ya maye gurbin na 2.4 da aka san wasunsa da shan baƙin mai. Fenti sai sheƙi, kujeru kamar ba a taɓa zama ba. Dattijo bai ko kalli fentin ba. Ya shimfiɗa kwali ya kwanta da tocila, can na ji yana ƙwanƙwasa wani ƙarfe da sufana. Ya fito da ɓawon tsatsa a tafin hannunsa kamar ɓawon gyaɗa. Ya ce motar daga yankin ƙanƙara ta fito a Amurka, inda ake watsa gishiri a titi lokacin sanyi, gishirin ya ci ta daga ƙasa, aka fesa baƙin fenti a kai. Dillalin ya fara rantse-rantse. Muka yi masa sallama.

CR-V 2010 na saya a ƙarshe, mai injin lita 2.4. Ba don ta fi RAV4 ba. Ita ce dai ƙarƙashinta yake lafiya, takardun kwastan ɗinta suka yi daidai da lambar jikinta, kuma rarar kuɗin ta saya mini taya huɗu sababbi.

Akwai abin da sai kana hawa kullum za ka gane. Ƙofar bayan RAV4 ta wancan zubin gefe take buɗewa, safaya maƙale a jikinta. In ka tsaya a 'Yankaba mai Adaidaita Sahu ya manne maka a baya, ba ka da halin zuba kaya sai ya gusa. Tawa sama take ɗagawa. Amma ranar da na yi faci kusa da Kadawa da buhun taki huɗu a but, sai da na sauke su duka a bakin hanya kafin in kai ga safaya, ita ma 'yar siririya. Ranar na yi sha'awar RAV4 mai safaya a ƙofa.

Masu sha'awar sababbin zubi su lura da giya. Daga 2015 CR-V ta Amurka ta koma wata irin giyar otomatik da ake kira CVT, wadda take da nata man daban. In aka ɗura mata na gama-gari, kamar yadda wasu gareji suke yi, kuka ne zai biyo baya. Haka kuma ba kowace jif ce take ja da ƙafa huɗu ba. Da yawa tayoyin gaba kaɗai ke aiki, tawa ma haka take, kuma tsayinta kaɗai ya raba ni da kafewa bara.

Hyundai Tucson da Kia Sportage sun fi sauƙin kuɗi, maƙwabcina yana jin daɗin tasa. Ni dai dattijona ya ce bai saba da su ba, ni kuma ban shirya canza bakanike ba.

Har yanzu 'yan majalisa suna zolayata wai na sayi wahala. Jiya ma ɗayansu ya ari motar zai kai amarya Bichi.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Ɗorayi, Kano