Sanarwa Kan Tattakin Tallafa wa Masu Lalurar Fituwitari

Assalamu alaikum, ƴan uwa maza da mata. Ana sanar da mu cewa ranar Asabar mai zuwa, bayan sallar Asuba, za mu yi tattakin kilomita 5 domin tara kuɗin magani da gwajin jini ga masu fama da lalurar fituwitari. Fituwitari wata ƴar halitta ce mai girman ƙwayar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, kuma ita ke sarrafa sinadaran da ke kula da girman jiki, da al'adar mata, da ruwan nono, da ƙarfin jure rashin lafiya.

Abin da ya fi damuna shi ne halin matan da suka zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, har halittar fituwitari ta lalace, lalurar da likitan Ingila Harold Sheehan ya bayyana a 1937. Mace za ta ga nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ɗauke, kasala ta hana ta ko ɗaga bokitin ruwa, amma sai a ce mata lalaci ne ko sammu. Da yawansu sai sun sha magungunan hydrocortisone da levothyroxine, masu maye gurbin sinadaran da jiki ya rasa, kullum har ƙarshen rayuwa, kuma daina hydrocortisone kwatsam yana iya kashe mutum.

Masu lalurar da za su fito, don Allah ku tuntuɓi likitanku tukuna, ku riƙe maganinku da ruwa, ku tsaya inda kuka gaji. Wanda ba zai iya tafiya ba yana iya ɗaukar nauyin wani, ya miƙa gudunmawarsa ga ma'ajin rukuni kafin Juma'a.