Ba kowane fim ɗin ban tsoro ne ke dogara da dodo ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhin da kuka buga, inda marubucin ya ce finafinan ban tsoro ba su da wani amfani sai razana mutane da hana yara barci. Ina neman ɗan fili domin in nuna cewa hukuncin bai hau kan dukansu ba, musamman waɗanda ƙananan masu shiryawa ke yi da kuɗi kaɗan.

Hujjata ita ce The Witch, fim na farko na Robert Eggers, wanda aka fara nunawa a bikin baje kolin finafinai na Sundance da ke Amurka a 2015, inda ya ci kyautar ba da umarni. Kimanin dala miliyan 4 aka kashe masa, ya kawo wajen miliyan 40. Labarin wani iyali ne na Kiristoci masu tsananin riƙo da addini a yankin New England na Amurka, a wajajen 1630, waɗanda aka kora daga gari saboda saɓanin aƙida, suka je suka kafa gida a bakin daji. Jaririnsu ya ɓace, masara ta lalace, zargi ya shiga gida. Maigidan ba ya rabo da addu'a, amma girman kansa ne ya fito da su daga cikin jama'a, kuma shi ne ya yi musayar kofin azurfar matarsa a ɓoye, ya yi shiru ana tuhumar 'yarsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, lokacin da Shaiɗan ya buɗe baki ta siffar baƙin bunsurun gidan, iyalin sun riga sun hallaka, 'yar ce kaɗai ta rage. Tayin da ya yi wa yarinyar kuwa bai wuce man shanu da riga mai kyau da ganin duniya ba, domin ya san yunwa da kaɗaici sun gama masa aiki. Nan take na tuna aya ta 22 a Suratu Ibrahim, inda Shaiɗan zai ce ba shi da iko a kan mutane, kira kawai ya yi suka amsa. Sai dai in faɗi gaskiya, akwai tsiraici a fim ɗin, ba na zama da yara ba ne.

A ganina ƙarancin kuɗi ya taimaka masa, tunda yawancinsa da hasken rana da kyandir aka ɗauka a dajin Ontario na Kanada, dole tsoron ya fito daga zukatan 'yan wasa. Mu ma a Najeriya mun ga irin haka a Living in Bondage na 1992, labarin mutumin da kwaɗayin dukiya ya sa ya ba da ran matarsa.

Don haka ina roƙon ku tambayi masu shirya finafinanmu na Hausa, me ya sa sau da yawa aljani mai jajayen idanu da hayaƙin kwamfuta muke gani, malam ya zo ya yi ruƙiyya a tashi, alhali ba a nuna mana waswasin da ya fara buɗe ƙofar ba.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya